Goron Alhaji Yuguda

Zuwa ga aminina Najib,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, Inna kuma ƙafar tata ta yi sauƙi.

Haƙiƙa ina cikin matsanancin takaici. Ranar da layin ban-ruwa ya zo kanmu a nan Watari, Alhaji Yuguda, shugaban ƙungiyarmu ta noman rani, ya karkatar da ruwan zuwa gonar surukinsa. Tumatirin Baba ya ƙone yana tsakiyar fure. Baba ya bar wa Allah. Ni kuwa, mai digiri a fannin adabi, na lashi takobin ramuwa da alƙalami.

Na tsara gajeren labari bisa ƙa'idar da aka cusa mana a jami'a: kada marubuci ya furta halin tauraro, ya bar aikinsa ya fallasa shi. Na nuna wani yana toshe magudana da buhun yashi, na karanta a majalisa bayan la'asar. Abin baƙin ciki, Yuguda ya ƙyalƙyale da dariya, ya jinjina wa dabarar tauraron, har ya ba ni goro!

Goron yana aljihuna, ban ci ba. Ranar Asabar za a sake zaɓen shugaba. In ya zarce, albasarmu ma ta halaka.

Naka har kullum,
Abdulkabir

Zuwa ga aminina Najib,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kowa yana cikin ƙoshin lafiya.

Albishirinka! Na jingine salon kaikaice, na rungumi siffantawa kai tsaye. Jimlar farko ta ayyana tauraron a matsayin ƙasurgumin maha'inci, tantirin azzalumi, maciyin amanar ruwa. Ban ambaci suna ba, balle gari ko kamanni.

Ranar zaɓe na nemi izini na karanta a gaban manoma kafin a ɗaga hannu. Ban kai jimla ta uku ba Yuguda ya miƙe, yana rantsuwa cewa da shi nake, kuma sai ya gurfanar da ni gaban dagaci. Malam Hadi, dattijon da ke jagorantar zaɓen, ya tambaye shi cikin natsuwa ta ina ya gane kansa. Da aka zo ɗaga masa hannu, har surukin nasa sunkuyar da kai ya yi.

Jiya ruwa ya kwana a albasarmu.

Baba ya umarce ni in je in ba shi haƙuri, tun da sa'ansa ne. Na je, na tuɓe takalmi, na durƙusa cikin cikakken ladabi, na mayar masa da goronsa.

Ka gaida Inna.

Naka mai nasara,
Abdulkabir