Hanyar da Baba Ya Ɓoye

Zuwa ga yayana Lyndon,

Gaisuwa mai tarin yawa daga nan Tasmaniya, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya sa zafin Darwin bai fi ƙarfinku ba, ya ƙara rufa asiri. Mu dai da sauran numfashi, sai tarin hayaƙi da ya bi kowa. Maigidana Desmond ya ƙone a tafin hannu amma yana warkewa, Goggo Beryl kuwa tana nan da bakinta kamar yadda ka bar ta. Baba lafiyar jikinsa ƙalau. Maganarsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, don a waya ba ka barin mutum ya kai aya.

Ka ji labarin gobarar daji, amma ba ka ji yadda aka yi ba. Ranar wata Alhamis tsawa ta faɗi a bayan tsauni, ko ɗigon ruwa babu. Baba ne ya fara ganin hayaƙin, don yana can kwarinsa wajen akwatunan zuma, kuma shi ya kawo labari gari. Athol, shugabanmu na 'yan kwana-kwana masu sa-kai, ya shimfiɗa masa taswira ya tambaye shi ta ina mota za ta shiga. Sai Baba ya dube shi ido cikin ido ya ce wai ko akuya ba ta da hanya a wurin, shi ma daga nesa ya hango. Yaya, ina tsaye a gefensa! Ni da kai mun san tsohuwar hanyar masu katako da ke bi ta kwarin har bakin rafi. Mun san yadda ya jibge mata rassa a baki shekara arba'in, don kada wani mai kiwon zuma ya gano itatuwan ledawud ɗinsa, masu furen da ke ba da zuma mai tsada. Na tuna rantsuwar da ya sa muka yi muna yara, sai na ja bakina na yi shiru.

Kwana uku muna shiga da ƙafa, awa huɗu zuwa awa huɗu dawowa, muna saran kurmi da adda, tiyo da famfo a kafaɗa. Jirgi mai saukar ungulu yana ta zuba ruwa, amma itatuwan turaren nan tsayinsu ya yi yawa, ruwan a sama yake watsewa. Wutar kuma ta shige ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye tana ci a ɓoye, ka kashe nan ta ɓullo can. Athol yana ta tsokanarmu a oba-oba wai ko kunkuru ya fi mu sauri, in mun iso mu gaida masa Kirsimeti. Kowa ya yi dariya ban da ni. Kullum na dawo sai na biya gidan Baba na roƙe shi, shi kuwa ya ce in kwantar da hankalina, daji mai damshi ba ya cin wuta, ya girme ni ya girmi Athol, ruwa ma na tafe. Ruwan da har yau ba mu gan shi ba ke nan.

Rana ta huɗu aka ce iskar arewa za ta taso, kuma in ta taso babu abin da ke tsakanin wutar da gidajen gari sai gonar dankalin su Desmond. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓi biro na ja wa Athol layin hanyar a taswira. Ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaye ni tun yaushe na sani. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Kafin rana ta yi tsaka katafila ta buɗe hanyar, motocinmu suka isa rafi cikin minti arba'in. Minti arba'in fa, Yaya, wurin da muka yi kwana uku muna wahala! Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, wutar ta tsallake rafin. Dabara ɗaya ta rage, a kunna wata wutar daga bakin hanya ta je ta tarbi babbar, su haɗu su mutu. Kwarin Baba kuwa yana tsakiyarsu.

Na aika a kira shi ya zo a kwashe zuma, ya ce wadda ta nuna hanya ta kwashe. Ni da Desmond muka loda akwati talatin da ɗaya, ƙudan suna harbinmu ta ko'ina, sauran goma sha bakwai lokaci bai bari ba. Itatuwan suna cike da farin fure, irin shekarar da ya daɗe yana jira. Da hannuna na kunna gefen sama, don ni na san wurin. Wutar ta tsaya a layin, ko kaji ba a rasa a gari ba.

Abin da ke ci mini rai, da ya buɗe baki ranar Alhamis, da mun kashe ta tana can ƙetaren rafi, ko ganye ɗaya na kwarinsa ba zai ƙone ba. Da ni ma na buɗe nawa, haka. Amma shi a wurinsa ni ce na ci amana. Mako uku ke nan bai ce mini uffan ba. In na kai masa abinci sai ya ba kare, yana gaya wa karen wai ya ci a hankali, mai girkin ba ta iya riƙe komai a ciki ba. Mutanen gari kuma sun sa shi a baki, har a layin burodi ana kiran sunansa, wai Mervyn ya so ya gasa mu saboda zuma. Sai in tsinci kaina ina faɗa da su a kansa, in koma gida in yi kuka don haushi.

To, tsugunne ba ta ƙare ba. Da ya daina cin abinci, Goggo Beryl ta lallashe shi da cewa wai gefen sama ya tsira, furanni na nan. Ƙarya ce. Na koma na duba, babu ko ɗaya, sai baƙaƙen kututture, kuma ka san ledawud sai ya yi shekaru kamar na mutum kafin ya ba da zumar kirki. Shi kuwa ya yarda da ita. Jiya na wuce na gan shi yana fito, yana ɗaure akwatunan a bayan mota. Ya gaya wa Desmond ranar da hukuma ta sake buɗe wa jama'a hanyar daji, ƙarshen watan nan, zai mayar da su su kama sauran furen.

Ni ba ya jin maganata, Goggo kuma ta ce ko za a yanka ta ba za ta janye ba. Saura kai. Don Allah kada ka gaya masa a waya. Ka nemi hutu ka zo kafin ƙarshen wata, ka zauna kusa da shi a motar nan, don ba na so ya sha kwanar ƙarshe ya hango kwarin shi kaɗai.

Ka gaida mini Shirleen da kyau, da 'ya'yana Tamsin da Rhys. Desmond da Goggo suna gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba.

Taka ƙanwa mai jiran isowarka,
Kerryn