Gorar Ƙanƙara a Kan Ƙusa

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba, ka san kuwa wannan ita ce babbar alamar warkewarta.

Yaya, na zaɓi takarda ne saboda in na ji muryarka a waya ba zan iya magana ba. Kunya ce ta rufe ni. Maganar ɗakin sanyin nan ce na shagon madara, wanda ka haɗa da hannunka kafin ka tafi, ka kuma roƙi amininka mai shago ya ɗauke ni in kula da shi. Kwanakin baya na'urar da ke sarrafa sanyin ta fara ƙara kullum da safe, allonta yana nuna sanyi ya wuce ƙima. Na bi duk abin da ka koya mini. Na duba lambar da ka saita, tana nan yadda ka bar ta. Na duba ƙofa, na duba fanka, ba matsala. Da rana ta yi sai ƙarar ta daina da kanta. Sai na ce a raina, ai yawan sanyi ba ya ɓata madara, na riƙa danna maɓalli ina rufe mata baki. Ashe duk lokacin da na'urar ta ji sanyi ya yi yawa, kashe injin take yi. Allo yana cewa sanyi, ɗaki kuwa yana ɗumama, har madara ta fara tsami, masu saye suna dawo da ita.

Da mai shago ya tsare ni da tambaya, sai bakin nan nawa da ka sani ya yi aikinsa. A gaban ma'aikata na ce ai na'urar ce jabu, wa ya san inda ka samo ta. Wallahi haka na faɗa, Yaya. Nan take mai shago ya ce ashe aikin sabon reshen shagon da ya ajiye maka sai dai ya nemi wani. Magana zarar bunu ce, ina ji ina gani na kasa mayar da ita.

Washegari ya shigo ɗakin sanyin ya same ni, ya ce ya kira ka, ka ba shi haƙuri, ka ce laifinka ne. Sai dai ka tambaye shi abu guda, wai a ina Auta take ajiye ruwan shanta. Shi bai gane ba, dariya ma tambayar ta ba shi. Ni kuwa nan take na gane. Na juya na kalli gorar da nake daskararwa a gida in zo da ita kullum, ga ta rataye a ƙusar bayan ƙofa, ta kwanta a kan ɗan kan ƙarfen wayar nan da ke jin sanyin ɗaki. Ƙanƙarata na'urar take ji, ba ɗakin ba. In ta narke da rana, ƙara ta tsaya. Ina cire gorar, ba a jima ba injin ya tashi. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango naka, alhali ma ba ka da shi.

Na faɗa masa gaskiya a gaban mutanen da na ɓata sunanka a gabansu, hawaye na zuba. Ya ce aikin reshen naka ne, ni kuma in je in roƙi gafararka. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, tun daga can ka gano gorata, amma ka ɗauki laifin don kada a kore ni. Ka yafe mini, Yaya, don Allah.

Inna tana gaishe ka, haka Baffa da Goggo. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara. Ƙusar kuwa na cire ta da kaina, ruwan famfo nake sha yanzu.

Ƙanwarka mai jiran afuwarka,
Auta