Likitan da Ke Aljihuna

Zuwa ga aminina Sabi'u,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, don inda kake babu direban da ke kai saƙo. Duk da haka zan rubuta, ko na samu in yi numfashi.

Gumel tana nan yadda ka bar ta. An yanke gero, bana bai yi auki ba. Matarka Hajara ta fita takaba, ta koma gidansu a Sule Tankarkar. Kafin ta tafi ta aiko min da akwatin sojojinmu, ta ce ba ta iya kallonsa.

Ka tuna ranar da ka tsinto su cikin gwanjo a kasuwar Maigatari? 'Yan sojojin roba, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba, da kwalkwali da bindigogi, wai masu yaƙi ne a duniyar taurari. Littafin dokarsu da Faransanci yake. Wani direba Badamagare ya duba mana, ya ce sai da ƙwayar lido da tef na awo ake buga su. Tef ina da shi, tunda tela ne ni, amma ka ce da an ga muna jefa ƙwaya za a ce caca muke yi. Sai ka haƙa gurbi talatin a gindin dalbejiyar ƙofar shagona, ka ɗora su kan dokar dara: kowa sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya. Naka ka shafa musu jan fenti, nawa shuɗi. Wata biyu muna gyaran doka kamar alƙalai. Mai doguwar bindiga ya tsallake gurbi ɗaya. Injin yaƙin nan mai ƙafa huɗu da ke cikinsu sai an jera sau biyu kafin a ci shi. Duk na yarda.

A kan likita ne muka raba gari. Shi kaɗai ne mai jaka maimakon bindiga, kuma a ɓangarenka ya faɗo. Ka ce in ya shiga jeri, sojan da aka ci zai dawo. Na ce tun da ake dara, abin da aka ci ya tafi ke nan. Ka ƙi ji, ka cinye ni sau shida a gaban 'yan majalisa, kana wannan dariyar taka mai ƙona rai.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da muka je suna gidan surukanka da akwatin, muka buga bayan azahar, ni na zura likitan a aljihuna lokacin da ake tattarawa. Niyyata in wahalar da kai kwana biyu. Da muka dawo ka ƙirga, ashirin da uku. Ka tambaye ni, na ce ban gani ba, hannuna kuwa yana kan aljihun. Washegari da safe ka hau babur ka koma nemansa. Ina kan keke ina ɗinki, ina murmushi ni kaɗai, aka zo aka ce babbar mota ta haɗa da kai a hanya.

Da rigar nan na ɗauki makararka, Sabi'u. Likitan yana ciki, yana sukana a cinya har maƙabarta.

Kowa yana cewa kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka. To amma wa ya ɗora ka kan hanyar? Me zai rage ni da na fito da shi, ka zage ni, mu yi dariya? Hajara har yau tana tambayar abin da ya mayar da kai garinsu ba ka yi mata sallama ba. Tana zargin wani laifi ta yi maka. Gobe zan je in faɗa mata a gaban mahaifinta, in ba ta likitan. In ta ƙi yafe min, ba ta zalunce ni ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Jiya da la'asar na share gurabun, na jera naka da nawa, na buga mana ni kaɗai. Na sa likita a jeri, jan soja ɗaya ya dawo. Dokarka tana aiki, wasan ma ya fi daɗi. Na yarda da ita. Na zauna ina kallon gefenka na tabarma har aka kira magariba, babu wanda ya dawo.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Sai na zo.

Amininka da ya ce bai gani ba,
Hamisu Tela