Ɗorawar Mahaifiyarki da Hanyar Bas

Lausu, ta Rano
9 ga Afrilu, 2004

Zuwa ga 'yata Amatullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Sadiƙ da yara. Allah ya ƙara muku rufin asiri a can Fatakwal, ya tsare ku daga ruwan saman nan nasu da ba ya gajiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Gwaggonki Tani ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa, alamar lafiya ta samu ke nan. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji huɗu na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron makaranta, in kin ga kamar sawun kaji a bakin rijiya, ni ne.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san wahalar da muke sha kafin kaya su kai bakin titi. Bara rabin albasar maƙwabcinmu Dauda ta ruɓe a rumfa tana jiran mota, matarsa Fulera kuwa a kan acaɓa aka kai ta asibitin Rano tana naƙuda. Shi ne ƙungiyar ci gaban gari ta zauna da Lado direba, mai bas ɗin da ke jigila daga Kibiya zuwa Rano har Kano. Ya yarda zai riƙa biyowa ta nan sau uku a mako, amma da sharaɗi: a kauce wa kwarin nan da ke cinye masa taya, a fitar da sabuwar hanya ta tudu. In ba a yi ba kafin ruwa ya sauka, mutanen Dawaki sun riga sun share tasu, can zai bi. Matan gari har sun ƙara yawan gyaɗar da suke soyawa, ɗan Dauda kuma ya kafa teburin shayi a inda yake zaton bas za ta tsaya.

Da aka taru a ƙofar masallaci aka ce hanyar tudu sai ta ci gefen gonar gabas da nake nomawa, kowa ya juyo yana kallona. Ni kuwa kin san ni da taro, kamar kaza da tsaba. Na miƙe, na gyara hula, na ce na bayar fi sabilillahi, har da cewa in bai isa ba a ƙara. Aka yi ta kabbara. Wani ya kira ni Alhaji, ban musa ba. Da na dawo gida ina ba Tani labari, ta bari na gama tas, sannan ta tambaye ni gonar wa na bayar.

Baki shi ke yanka wuya. Gonar ba tawa ba ce, taki ce, rabonki daga gadon mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta. Shekara goma sha ɗaya ina noma ta har na manta amana aka ba ni. Na lallaɓa wurin liman ko zai samo mini wata ƙofa. Ya ce kyautar abin da ba naka ba ba kyauta ba ce, ko a gaban alƙali ba ta tsayawa, balle a gaban Allah. Ya ce in nemi mai gona.

Abin da za a ci taku shida ne a faɗi, tsawon gefen gonar. Ba zan ɓoye miki ba, ɗorawar nan tana ciki, wadda mahaifiyarki ke samun kalwar daddawa a jikinta kina goye a bayanta. Na auna da igiya sau uku, na karkata ta nan, na karkata ta can, itacen bai fita ba.

An sa gayya ranar Asabar ta ƙarshen wata. Samari sun tanadi diga da shebur, mata za su dama kunu, kuma ban da Tani da liman babu wanda ya san halin da nake ciki. Ki buga waya shagon Alu mai waya a Rano, zai aiko a kira ni. In kin yarda, alhamdu lillahi. In ba ki yarda ba, ba zan ga laifinki ba. Zan tashi bayan sallar Juma'a, a daidai inda na yi alfaharin, in ce Ƙasimu ya yi sadaka da akuyar wani. Za su yi dariya wata guda, na kuwa saba. Kada ki sa kunyata a ma'auni. Ki duba bas ɗin, ki duba itacen, ki bar ni a gefe.

Ki gai da Sadiƙ, ki shafa mini kan Mukhtar da Jannatu. Tani tana gaisuwa, ta ce ki yanke abin da zuciyarki ta kwanta da shi. Fulera ma ta ce a gaishe ki, ban gaya mata dalilin da ya sa na ce zan rubuto ba. Allah ya yi miki albarka, kowacce amsa kika bayar.

Mahaifinki,
Ƙasimu, mai gadin gonarki