Hula a Kan Tebur

Litinin, 3 ga Maris
Sabon Kwamandan makarantar hafsoshi ya zo mana da sabon salo. Wai bayan kowane atisaye za a zauna, kowa ya cire hula ya ajiye a tebur, babu babba babu yaro, ɗalibi ya faɗi kuskuren malaminsa ido da ido. Ya ce hafsan da bai iya faɗa wa na sama gaskiya a aji ba, a daji mutane zai kashe. Ni aka ɗora wa rubuta abin da aka tattauna. Shekarata goma sha tara cikin kaki ban taɓa jin irin wannan ba, amma wallahi ya burge ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Huluna talatin a tebur, kowa ya yi gum. Mataimakin Kwamanda, Kanar ɗin da muke kira Tsohon Hannu, bai cire tasa ba sai da aka kafa masa ido.

Laraba, 19 ga Maris
Na ja Kyaftin Mai Tabarau gefe, duk ajina babu mai kaifin kanta. Na ce ta yi magana, ni na tsaya mata. Ta kuwa yi, a zaman yau, huluna duk suna kan tebur. Ta ce Kanar ya tura rukuni biyu ta gada ɗaya ba tare da ya aika a leƙo hanya ba, da yaƙin gaske ne babu mai dawowa. Gaskiyarta ce. Kanar ya yi murmushi ya ce, "Madalla, 'yata." Murmushin nan bai kwanta min a rai ba.

Juma'a, 4 ga Afrilu
An ɗauke Kwamanda, an yi masa canjin wurin aiki. Kanar ne ke riƙon ƙwarya.

Talata, 8 ga Afrilu
Kanar ya kira ni ofis. Fayil biyu a gabansa, nawa na ƙarin girma da na Mai Tabarau. Ya ce, "Manjo, a tunanina lokacin da ta yi maganar nan an riga an tashi, kowa ya mayar da hularsa. Ko ba haka ka gani ba?" In haka ne, ta raina na gaba ke nan, kora ce daga kwas. Ya ce in duba littafin da nake rubuta tattaunawar a ciki, a tsanake, babu sauri.

Uwar yara ta ce, "Baban yara, sau biyu ana tsallake ka. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Na daka mata tsawa. Ba fushi ba ne, tsoro nake ji.

Litinin, 14 ga Afrilu
Mai Tabarau ta tsaya a baranda ta sara min. "Yallaɓai, da na ji kai ne shaida a binciken da za a yi min sai hankalina ya kwanta." Na ce ta gyara maɓallin aljihunta.

Alhamis, 17 ga Afrilu
Shafin 19 ga Maris na littafin tattaunawa ba ya karantuwa sosai, shi ya sa na sake kwafe shi. Ba ƙarya na yi ba. Cewa kawai na yi ban tuna daidai lokacin da aka tashi ba, ɗan Adam ai ajizi ne. Jiya aka kori Mai Tabarau, ta tattara kayanta, ban samu fitowa ba, aiki ya yi min yawa.

Yau wani ɗalibi ya ɗaga hannu, wai kamar akwai gyara a taswirar da na zana a allo. Na ce wa ya tambaye shi. Ya zauna, sauran suka ci gaba da kwafa. Akwai kuskuren, na gan shi. Ba wani babba ba ne.