Ƙarfe Tara na Lahadi

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024

Malam Filibus ya bar gidan rediyon Muryar Fitila. Da bakinsa ya faɗa a ƙarshen shiri, bayan ya gama yi wa marasa lafiya addu'a. Wai daga mako mai zuwa a neme shi a Tudu FM. Tudu FM fa. Tashar da ke tallar takin zamani da maganin basir, ga kiɗan biki tun da sassafe.

Ina shafa wa Hajiya Mastura mai a ƙafa lokacin, abin saurare a kunne ɗaya a ƙarƙashin ɗankwali kamar kullum. Ban san na danne ta ba sai da ta ce, "Liyatu, ya binti, ƙafa ce, ba kwaɓin fulawa ba."

Shekara huɗu ke nan ina jinyar tsohuwar nan a unguwar Bani Malik, a Jidda. Nan babu coci, Lahadi ma ranar aiki ce. Abin da nake da shi duk mako awa ɗayan nan ce: tara a Jidda, bakwai a Kaltungo. Mama tana kan tabarma da rediyonta, ni ina nan da wayata, mu ji waƙa ɗaya, mu ji ya kira "Mama Asabe, hawan jini," mu ce amin tare ba mu ga juna ba. Sujadata ke nan kaf. Yau mutumin nan ya naɗe ta ya tafi da ita kasuwa.

Talata, 9 ga Janairu

Zauren masu saurare na WhatsApp ya kama da wuta. Wani ya ce mota aka ba shi. Wata ta ce da ma ta daɗe tana jin muryarsa ta canza. Madam Afiniki, mai kula da zauren, ta ce duk wanda ya bi shi can ya fita da kansa tun ba a fitar da shi ba.

Ban rubuta komai ba. Na wanke kwanukan da ba su yi datti ba.

Lahadi, 14 ga Janairu

Na buɗe Fitila. Wa'azin wani baƙon fasto suka sa, ɗaukar da aka yi a wani taro, rabi Turanci, yana ihu kamar ana bin sa da gudu. Babu sunaye. Ko ɗaya. Na saurara har ƙarshe don taurin kai, kunnena yana zafi.

Ban taɓa sanin awa ɗaya tana da tsawo haka ba.

Laraba, 17 ga Janairu

Madam Afiniki ta kira ni. Ta ce muryata tana da nauyi, tunda kowa ya san "'yar'uwarmu ta Jidda" daga bakin shi Filibus ɗin. In yi magana minti biyu kawai, su tura.

Da Hajiya ta yi barcin rana na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa. Na kunna ɗaukar murya, na ce wa Filibus mu da muke ƙasar da babu ko ƙararrawar coci mun riƙe bangaskiyarmu da haƙori, shi da yake zaune a tsakiyar 'yan'uwa ya sayar da tasa. Na ce masa makiyayin haya ne. Na ce kada ya ƙara kiran sunan uwata da bakin da zai yi tallar maganin basir.

Sau ɗaya na ɗauka, ban ko sake ji ba na tura. Wallahi na ji daɗi.

Juma'a, 19 ga Janairu

Ranar hutuna. Saƙon ya zaga, har daga Jos da Yola ana turo mini shi, wai in ji abin da wata jaruma ta faɗa. Na hau mota zuwa unguwar Bagdadiyya ba don ina da abin saye ba, na yi ta zaga shaguna har ƙafata ta gaji. Na zauna a inuwa na ji muryar tawa sau biyar. A na biyar ɗin sai na ji kamar ta wata mata ce mai faɗa a bakin famfo.

Amma ai gaskiya na faɗa.

Lahadi, 21 ga Janairu

Fitila, baƙon fasto, ihu. Bayan an gama na kira Mama kamar yadda muka saba. Ƙanwata Damaris ta ɗauka, ta ce tana barci. Ƙarfe takwas na safe a can. Matar da ke tashi kafin zakara.

Talata, 23 ga Janairu

Na kira sau uku. Wai tana wanka, wai ta je maƙwabta, wai wayar ba caji.

Alhamis, 25 ga Janairu

Na matsa wa Damaris ta fasa ƙwai. A taron zumuntar mata wata ta kunna saƙona, ta ɗaga wayar sama kowa ya ji, ana ta tafi. Mama ta ɗauki sandarta ta fita, ta tako har gida da ƙafa, ita da likita ya hana doguwar tafiya. Tun ranar ba ta ambaci sunana ba, sai sau ɗaya da ta ce, "Jinya na san ta je yi Jidda, ban san alƙalanci ta je koyo ba."

Kuma wai tun Lahadin farko ta murɗa rediyonta zuwa Tudu. Ita kaɗai, ba ta yi shawara da kowa ba. Mako biyu ke nan ina zaune da ihun baƙon fasto ina zaton tare muke.

Damaris ta ce ana cewa kwamitin Fitila ne ya ce a daina karanta sunaye, suna cin lokaci, shi kuma Filibus ya ce ba zai iya ba. Ana cewa dai. Wa ya gani? Kuma ko haka ne, ya rasa inda zai je sai can?

Raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushin ba.

Lahadi, 28 ga Janairu

Ban buɗe ko'ina ba. Na kwashe kayan kabad ɗin Hajiya na sake jerawa, na goge tagogi, na koma na sake goge su.

Tana kwance tana bin ni da ido. Can ta ce, "Ina mutumin naki mai kiran sunaye? Yau Lahadi uku ban ji shi ba."

Na tsaya da tsumma a hannu. Ashe abin sauraren nan yana fitar da sauti, ita kuma kunnenta garau, ƙafa ce kawai ta mutu. Shekara huɗu tana ji. Ni ina ta ɓoye waya a ɗankwali kamar ɓarauniya, ita tana ji. A nan Jidda aka haife ta, kakanta ne ya zo aikin hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa ya zauna, kuma jikokinta ba mai mayar mata da Hausa. Ta ce waƙoƙin ba nata ba ne, ba ruwanta da su, amma sunayen garuruwan nan da yake kira suna yi mata daɗi, irin waɗanda kakarta ke faɗa.

Na ce mata ya koma tashar 'yan kasuwa. Ta ce, "Tayyib, muryar ya bari a can baya?"

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Kwana goma sha tara ban ji muryar Mama ba. Tun da na zo ƙasar nan ba mu taɓa wuce kwana uku ba. Idan jinin nan ya hau saboda ni fa? Fasfona yana hannun kafili, maigidan da ya ɗauko ni aiki, ba yau zan ce zan tafi in tafi ba.

Da la'asar saƙo ya shigo daga Damaris: "Mama ta ce in dai ita ta haife ki, ki buɗe Tudu jibi."

Ba zan buɗe ba. Madam Afiniki ta sa hotona a fuskar zaure.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Na buɗe. Uwa ce ta ce.

Zan sa a kunne, Hajiya ta ce, "Yalla, ƙara murya, nan ba wa'azi ba ne ai." Na ajiye wayar a kan tebur kusa da magungunanta. Karo na farko ke nan da na ji muryar mutumin nan a sarari a ɗakin nan, ba tare da ina kallon ƙofa ba.

Tallar taki ta fara zuwa, na yi tsaki. Babu waƙar sujada, babu karatun Littafi. "Sannu da Jiki" suka sa wa shirin. Ya gaida masu saurare, ya fara sunaye, a hankali kamar da, yana tsayawa bayan kowanne. Amma yanzu ga Alhaji wane na Kumo da ya karye, ga Ladi ta Billiri, ga Hajara mai naƙuda a asibiti, duk a jere ɗaya. Ba ya doguwar addu'a, ba a ba shi wannan ba. Sai dai ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi." Hajiya tana cewa amin ga kowa, har ga wani Bitrus. Ni na kame bakina.

Ina jiran sunan Mama in ga ko zai kira bayan na hana shi. Bai kira ba. Na ce shi ke nan, na cire uwata daga addu'a da bakina.

Sai ya ce ga saƙo na ƙarshe daga Kaltungo. "Mama Asabe ta ce a bar nata sunan yau, ta samu sauƙi. A sa na 'yarta Liyatu da ke Jidda. Ta ce ba ciwon jiki ba ne. Shekara huɗu yarinyar nan ba ta zauna kusa da kowa a bencin coci ba, abin ya taru mata a zuciya." Na jira ya ƙara wani abu, ya rama ko da a fakaice. Ya ji saƙona, duk Gombe ta ji. Abin da ya ce kawai, "Sannu da jiki, Liyatu. Allah ya ƙara sauƙi."

Hajiya ta ce amin da ƙarfi, ta juyo tana kallona, tana jira. Aka sa tallar sabulu. Na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Kunya ce ta fi yawa a ciki.

Da na fito waya tana ƙara. Mama ce, da kanta. Ba ta ɗauko zancen ba. Ta tambaye ni ko ina cin abinci.

Talata, 6 ga Fabrairu

Ban fita daga zauren ba. Na dai roƙi Madam Afiniki ta cire hoton, na ce bai yi kyau ba. Har yanzu ina ganin bai kamata Malam Filibus ya tafi ba, kuma babu waƙa ko ɗaya a shirin nan, wannan ba sujada ba ce.

Na fara ɗaukar wani saƙo zuwa gare shi a ɗakin wanki, na goge. Na sake, na goge. Injin wanki yana ƙara ne, ba a ji sosai.

Nuha, surukar Hajiya, ta ce an ba su ganin likita ranar Lahadi ƙarfe tara. Na ce ko za a mayar Litinin. Ta ce don me? Na ce Lahadi hanya tana cunkushewa. Ta dube ni, ta dubi Hajiya. Hajiya ta ce, "Halas, Litinin. Lahadi muna da marasa lafiya."