Iyakar da Fumiyo Ta Tumɓuke

Zuwa ga ƙanena Sadao,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan kai da Harue da yara kuna cikin ƙoshin lafiya a can Burazil, kuma gonar kofi ta yi albarka bana. Kullum da safe ina kunna turare a gaban hoton Baba, ina roƙa muku lafiya da tsawon rai. Mu nan an gama dashen shinkafa, ruwa ya sauka sosai. Maigidana Tokuji yana fama da ciwon baya, Inna kuma tana nan yadda ka sani.

Bayan haka, utsugi ya yi fure. Bakin rafi da gefen daji duk sun yi fari fat, furannin sun sunkuyo gungu-gungu, ba ƙamshi sai kyan gani. Na san ka daɗe rabonka da shi, amma ba ka manta ba: ɗan itacen nan da ba ya wuce tsayin mutum, mai ganye kaushi kamar harshen kyanwa, mai reshe da rami a ciki, wanda kake karyawa kana busawa har Inna ta kore ka waje. Shi dai a ba shi rana da ƙasa mai ɗan laima. Ko an sare shi har ƙasa sai ya sake tohowa, shi ya sa ake kafa shi a kan iyaka, shi ya sa kuma Baba ya dasa ɗaya ranar da ya raba gonar tudu tsakanina da ɗan'uwanmu marigayi Masaharu. Kai ka riƙe masa fartanya a ranar.

To, matar marigayin, Fumiyo, 'yar birnin nan da har yau take shiga gona da laima, ta zo wurina a lokacin kakar bara. Wai Yaya ki ara mini diga, akwai wani ɗan itacen banza da yake yi wa dankalina inuwa. Na ɗauko mata mai kaifin, har shayi na dafa mata. Yini guda ta yi tana haƙa, hannunta duk ya yi kanta, ta tumɓuke saiwar ta cinna mata wuta. Ina tsaye ina kallo. Ba ta tambaye ni ko mene ne ba, ni kuwa ban ga dalilin yin karambani ba.

Can cikin ɓangarenta, kusa da duwatsu, akwai wani utsugi da ya fito da kansa, iska ce ta kawo irinsa daga daji. Na jira ya yi fure, sannan na kira dattawa. Utsugi ɗaya ne tak a gonar, kuma inda ya tsaya nan ce iyaka, haka muka tarar. Tsoho Genzo ya shafa rassan ya ce shi dai ya ga kamar yaro ne. Na ce masa Baba Genzo, wanne ne ba yaro ba, alhali duk hunturu sare su ake yi? In saiwar yake son gani ga diga nan, ya zama shi ne dattijon da ya tone iyakar mutane. Sai ya mayar da hannu cikin riga. Baƙar ƙasar duk ta dawo wurina, ita aka bar ta da tsakuwa.

Fumiyo ta zube ƙasa tana kuka, wai ai ita ta cire na gaskiyar. Na ce mata a gaban kowa ta ƙara ɗaga murya, don gari ya ji irin matar da ƙanena ya kwaso mana. Ba zan ɓoye maka ba, Sadao, daɗi na ji. Tsakuwar nan ba za ta ciyar da ita ba, dole ta tattara ta koma gidan wanta a Yokohama, inda matarsa ta riga ta ce ba su da ɗaki.

Yanzu ta ce za ta rubuto maka, don kai kaɗai ka rage cikin shaidun da suka ga dashen iyakar, kuma dattawa sun ce za su saurare ka. Yaro ne kai a lokacin, ka yi tunani da kyau. Ni ke ɗaga Inna, ni ke mata wanka, ni ke ba ta kunu a baki, kai kana can kana aiko hotuna. In ka tuna wani wuri dabam, to baƙar ƙasa ce take ciyar da tsohuwa: zan ɗora ta a amalanke in ajiye ta a ƙofar Fumiyo, wadda ko tukunyar ruwa ba ta iya ɗagawa. Na riga na gaya wa Inna haka.

Ka gaida Harue, ka gaida Noboru da ƙaramar Chizu. Tokuji yana gaishe ku. Inna ma ta riƙe hannuna, ta ce in gaishe ka, kuma tana roƙonka ka tuna yadda Yaya ta tuna.

Yayarka,
Kikue